TSOHUWAR JITA: A SAYAR KO A AJIYE?

Ga wata tambaya wadda ta yi kama da ƙarama, amma takan hana mutum barci. Kana da abin aiki wanda ya daɗe a hannunka, kana kuwa ƙaunarsa. Yau ga sabo ya samu, wanda ya fi shi kyau da ƙarfi. Me za ka yi da tsohon? Ka kai shi kasuwa, ko ka ajiye shi a ɗaka?

Za mu yi zancen nan a kan jitar bas, wadda akan kaɗa tare da ƙungiyar mawaƙa a majami'a da wurin biki. Watakila kai ne mai kaɗa ta, ko ɗanka, ko ƙanenka. Watakila ke ce matar makaɗin, kin kuwa ji shi yana ta lissafin kuɗin sabuwa tun kafin a yanke gero. In ma ba wanda ya taɓa riƙe jita a gidanku, kada ka ajiye takardan nan. Duk inda muka ce jita, kai ka sa sunan naka abin: keke, ko amalanke, ko keken ɗinki, ko rediyo, ko jakin da ya yi shekara goma yana kai maka taki gona. Tambayar ɗaya ce.

MECE CE JITAR BAS?

Jita ce mai dogon wuya, yawanci mai tsirkiya huɗu masu kauri. Muryarta tana can ƙasa. Tsirkiyarta mafi kauri takan girgiza wajen sau 41 cikin daƙiƙa ɗaya, shi ya sa kakan ji ta a ƙirjinka kamar rugugin hadari daga nesa. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maganaɗisu wanda aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Shi ne yake ɗaukar girgizar ƙarfen, ya mai da ita lantarki, ya aika ta igiya zuwa akwatin ƙara murya.

A dā, mai son irin wannan murya sai ya ɗauki wani ƙaton goge na Turawa wanda ya kai tsayin mutum, ana kaɗa shi a tsaye. Ɗaukarsa wahala, muryarsa kuma takan ɓace in ganguna suka tashi. A shekarar 1951 wani mutumin Amurka mai suna Leo Fender, wanda ya fara da sana'ar gyaran rediyo a garin Fullerton, ya fito da jitar bas ta lantarki wadda ta bazu ko'ina cikin duniya. A 1960 ya fito da wani samfuri na biyu mai siririn wuya. Har wa yau yawancin jitocin bas da kake gani, masu tsada da masu araha, a kan siffar waɗannan biyu aka ƙera su. Abin mamaki, shi Fender kansa bai iya kaɗa jita ba.

Aikin bas cikin waƙa kamar aikin ginshiƙi ne cikin soro. Ba wanda yake shiga ɗaki ya yabi ginshiƙi, amma a zare shi ka gani. Mai kaɗa bas yana haɗa masu ganga da masu waƙa, yana riƙe su kada su warwatse. Irin wannan mutum yakan saba da abin kiɗansa ƙwarai, gama su biyu ne a baya, ba mai tafa musu.

DON ME RABUWA TAKE DA WUYA?

Kada ka yi wa makaɗi dariya in ka ga ya yi tagumi a kan itace da ƙarfe. Ka tuna da ƙotar hauyarka, yadda ta yi santsi daidai inda tafinka yake kamawa. In aka ba ka ta wani, sai hannunka ya yi bororo. Haka wuyan jita yake. Yatsun mai ita sun san shi cikin duhu.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Ya tuna da damina biyu da ya yi yana ƙwadago kafin ya haɗa kuɗinta. Ya tuna da ranar da ya fara tsayawa gaban jama'a, gwiwoyinsa suna rawa. Da ita ya yi kiɗan auren ƙanwarsa, da ita aka raka wani abokinsa kabari. Saboda haka jitar tana da farashi biyu. Akwai farashin kasuwa, wanda dillali zai faɗa bayan ya ƙwanƙwasa ta, ya ƙirga ƙarzunanta. Akwai farashin zuciya, wanda mai ita kaɗai ya sani. Ba mai saye da zai biya farashi na biyu. Daga nan ne wahalar take fitowa.

Manyan makaɗan duniya ma haka suke. Paul McCartney, mawaƙin Ingila, ya sayi jitar bas ƙirar Höfner a birnin Hambug na Jamus a 1961, a kan fam 30. Da ya sami wata sabuwa a 1963, bai sayar da ta farin ba, ya ajiye ta. A 1972 ɓarawo ya sace ta daga cikin mota a birnin Landan. Mutumin nan yana da dukiyar da zai sayi jita dubu, duk da haka bai manta da ita ba. Sai bayan fiye da shekara 50 aka same ta a wani gida, aka sanar a 2024 cewa ta koma hannunsa. Ka koyi abu biyu daga labarin nan. Na fari, ƙaunar tsohon abin aiki halin ɗan Adam ne, ba abin kunya ba. Na biyu, abin da ka ajiye ma yana iya tafiya dare ɗaya ba tare da ya yi maka sallama ba.

TAMBAYA TA FARI: KANA BUKATAR SABUWAR?

Kafin ka yi shawarar tsohuwa, ka fara tambayar kanka a kan sabuwa. Mutane da yawa sukan tsallake wannan mataki.

Akwai lokacin da canji ya wajaba. Wuyan jita ya murɗe har ba ya gyaruwa, ko itacen ya tsage, ko ƙarafunan da aka jera a wuyan sun cinye, ko kuwa hannunka ya ci gaba har jitar tana ja maka baya. Wannan bukata ce ta gaskiya. Manomin da gonarsa ta yi girma ba ya yin laifi in ya bar hauya ya nemi garmar shanu.

Amma sau da yawa abin da ake kira tsufa rashin kulawa ne kawai. Tsirkiyoyi huɗu tare suna jan wuyan jita da ƙarfin da ya fi nauyin buhu mai kilo 50, dare da rana. Domin wannan ne maƙera suka sa sandan ƙarfe a cikin wuyan, wanda akan juya kaɗan a miƙe shi. Wanda ya san aikin zai yi shi cikin ɗan lokaci. Ƙarar nan ta ƙarar-ƙarar da kake ji, sau da yawa ƙura ce ta shiga maɓalli, ko waya ɗaya ta saki, wadda mai gyaran rediyo na kasuwarku zai liƙe da dalma. Sabbin tsirkiyoyi kuma sukan mai da muryar da ta dushe. Ka gwada waɗannan tukuna, gama kuɗinsu bai kai kusa da kuɗin sabuwar jita ba.

Ka tuna kuma kiɗa a hannu yake. Mdou Moctar, mutumin jihar Tawa wanda kiɗan jitarsa ya kai shi Turai da Amurka, da itace da wayar birkin keke ya harhaɗa jitarsa ta fari. In kana yin kuskure a kan tsohuwa, za ka yi shi a kan sabuwa, sai dai ya fi fitowa sarai.

To, ka binciki zuciyarka. Kunnenka ne yake neman sabuwar, ko idonka? Ka fara raina taka ne tun ranar da ka ga ta wani a babban taro? Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. In ido ne, ka sani ba ya ƙoshi. Baɗi ma za a fito da wata.

ABIN DA ZAI SA KA AJIYE

A ce ka bincika, ka ga lalle canji ya wajaba. Akwai dalilai masu kyau na riƙe tsohuwar, kada kowa ya ce maka babu.

Na ɗaya, kana zaune nesa da birni. In sabuwar ta lalace ana jibi Kirsimati, Maraɗi ko Damagaram ba nan kusa ba ne. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na biyu, kowace jita da muryarta. Sabuwa tana iya fin tsohuwa tsada, amma ta kasa ba ka wannan murya mai taushi da jama'arku suka saba bi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na uku, kuɗin da za a ba ka kaɗan ne, zai kuwa narke kafin kasuwa biyu ta ci. Jitar kuwa in ta tafi ta tafi. Makaɗa da yawa sun sayar cikin zumuɗi, daga baya suka yi ta nema da ninkin kuɗi, ba su samu ba.

Na huɗu, akwai yaro a gida wanda idonsa yake kan yatsunka kullum.

Na biyar, tunawa kanta abu ne mai daraja. Sa'ad da Isra'ilawa suka haye Urdun, Joshuwa ya sa aka ɗauko duwatsu goma sha biyu daga tsakiyar kogin aka kafa a Gilgal. Ba a yi gini da su ba, ba a yi niƙa da su ba. Aikinsu kawai shi ne su sa yara su yi tambaya, iyaye su ba da labari. Mutumin da ba ya ajiye kome, ba da daɗewa ba zai manta inda ya fito.

ABIN DA ZAI SA KA SAKI

Yanzu ka saurari ɗaya gefen da zuciya ɗaya.

Abu na fari shi ne bashi da rumbu. In riƙe tsohuwar zai sa ka ci bashi domin sabuwar, ko ka taɓa hatsin da iyali za su ci a watannin bazara da farkon damina, to magana ta ƙare. Ba kai kaɗai kake biyan kuɗin tunawarka ba. Matarka ce take biya, da yaron da za a koro daga lakwal, da tsohuwar da za a kasa kaiwa asibiti. A ce sabuwar jika ɗari da hamsin ce, kana da ɗari, tsohuwar kuma za ta kawo hamsin. Mutumin da ya ƙi sayarwa ya tafi ya ranto hamsin ɗin a kan amfanin gonar da bai ko shuka ba, ya rataye wa iyalinsa igiya domin ya rataye jita a bango. Taura biyu ba ta taunuwa.

Abu na biyu, abin kiɗan da aka jingine ba ya zama yadda aka bar shi. Hunturu yakan busar da itace, wuya ya lanƙwashe, bakin ƙarafuna ya fito yana yankan hannu. Damina takan kawo laima, tsirkiya ta yi tsatsa, maɓallai su cije. Ga gara, ga ɓera, ga zafin ɗakin kwano. Jitar da ake kaɗawa ana goge ta, ana lura da ciwonta tun yana ƙarami. Wadda take bayan tukwane kuwa, ran da ka buɗe buhunta sai ka tarar ba ta sayuwa, ba ta kaɗuwa, ba ta kuma isa a yi kyauta da ita ba.

A birnin Okasfod na Ingila akwai wani goge wanda Antonio Stradivari, shahararren maƙerin Italiya, ya yi a 1716. Yana cikin akwatin gilashi, kusan sabo fil, gama cikin shekara fiye da 300 ba a kaɗa shi ba sai ɗan kaɗan. Masu gidan tarihin suna da hujjarsu, suna so maƙera su ga aikin gwani yadda ya fito daga hannunsa. Amma ɗakinka ba gidan tarihi ba ne, ba kuwa wanda zai zo daga nesa ya koyi sana'a a kan jitar da take ƙarƙashin gadonka.

Abu na uku ya fi zurfi. Musa ya ƙera macijin tagulla cikin jeji, waɗanda macizai suka sara suka dube shi suka rayu. Abu mai kyau ne, an kuwa ajiye shi. Amma bayan shekaru ɗaruruwa mutane suka shiga ƙona masa turare, har sarki Hezekiya ya farfashe shi. Ka ga duwatsun Gilgal da macijin tagulla, dukansu abin tunawa ne. Ɗaya yana ɗaga ido zuwa ga Mai bayarwa, ɗaya ya tsare ido a kan kansa. Abin da ka ajiye yana iya zama ko wanne. Sabo turken wawa, in ji masu magana. In ba ka iya barin kowa ya taɓa jitar, in fushi yakan kama ka sa'ad da matarka ta ambaci sayarwa, ka tambayi kanka wane ne mai wani a tsakaninku.

AKWAI HANYA TA UKU

Mutane sukan yi kamar ƙofa biyu ce kaɗai, kasuwa ko ɗaka. Akwai ta uku. In sayen sabuwar bai dogara ga kuɗin tsohuwar ba, ka sa ta a hannun wanda zai kaɗa ta.

Ka duba kewaye da kai. Akwai ƙaramar majami'a a ƙauyen gaba wadda ba ta da kome sai ganga ɗaya da kwarya. Akwai saurayin da yakan tsaya bayan an tashi sujada yana kallon jitarka, kunya ta hana shi roƙo. Kai ma wani ne ya fara miƙa maka tasa. In ka ba shi, ka koya masa, ba ka rasa muryarta ba. Za ka riƙa jin ta ran Lahadi, har ta fi yi maka daɗi, gama yanzu kana zaune kana saurare.

Sai dai ka yi abin a fili. In kyauta ce, ka ce kyauta, ka cire hannunka, kada ka riƙa bin yaron da gori. In aro ne, ka ce aro gaban dattijo ɗaya ko biyu: har yaushe, wa zai sayi tsirkiya in ta tsinke, wa zai biya in ta faɗi. Zumunci da yawa ya lalace domin ɗaya yana cewa aro, ɗaya yana cewa kyauta.

IN ZA KA SAYAR, KA SAYAR DA GASKIYA

Da fari ka tabbata taka ce kai kaɗai. In jama'ar ikkilisiya ko zumuntar mata sun sa hannu wajen sayenta, ko da kai ne ka riƙe ta shekara goma, ba ka da ikon sayarwa sai da yardarsu.

Ka yi shawara da matarka tun kafin ka yi da dillali. Kuɗin gida ne ya shiga jitar, kuɗin gida ne zai fito.

Kada ka sayar kafin ka ɗora hannu a kan sabuwar, ka kaɗa ta da kyau, ka ji kowace tsirkiya daga sama har ƙasa. Hoto cikin waya ba ya murya.

Ka faɗa wa mai saye aibinta duka. In akwai tsaga da ka shafe da fenti, ka nuna masa. In takan yi shiru sa'ad da igiya ta motsa, ka motsa igiyar a gabansa. Watakila za ka rasa jika biyar. Amma mai sayen nan zai tsaya da ita gaban jama'a, in ta kunyata shi, sunanka ne zai fito daga bakinsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kada kuma ka ɗora masa farashin zuciyarka, gama shi itace da ƙarfe yake saye. In mutum biyu suka taya, ɗaya zai kaɗa, ɗaya zai kai wata kasuwa ya ci riba, ba laifi ka rangwanta wa na farin.

YADDA ZA KA GWADA ZUCIYARKA

In ba bashi a kanka, ba kuwa gaggawa, ga gwaji mai sauƙi. Bayan sabuwar ta zo, ka ajiye tsohuwar kusa, inda hannu zai kai. Ka ba kanka lokaci, a ce daga kaka zuwa Ista. Kada ka tilasta wa kanka kome, ka lura kawai. In ka ga hannunka yana komawa gare ta, kana fita da ita, ko ɗanka ya fara koyo a kanta, to tana da sauran aiki a gidanka. Ka riƙe ta da farin ciki, kada kowa ya sa ka ji kunya. In kuwa Ista ta zo ka tarar ƙura ta rufe ta, ba ka ko buɗe ta ba, to ka sami amsa. Aikinta a wurinka ya ƙare, yana jiranta a wurin wani.

Kada ka ji tsoro cewa in ta tafi shekarunka za su bi ta. Abin da ta koya maka yana cikin yatsunka, ba mai saye da zai tafi da shi. Waƙoƙin suna bakin jama'a. In kana so, ka ɗauki hotonta, ka naɗi muryarta cikin waya, ka ba 'ya'yanka labarin damina biyun nan. Wannan ya isa ya zama maka dutsen tunawa.

Ga dai shawararmu a taƙaice. An ƙera jita domin ta yi murya. Inda za ta yi murya, nan ne gidanta, ko a hannunka ko a hannun wani. Kada ka riƙe ta da yunwar iyalinka, kada ka sake ta da ƙarya, kada kuma ka bar ta ta ruɓe a ɗaka alhali maƙwabcinka yana bukata. Duk abin da yake hannunmu amana ce ta ɗan lokaci. Wata rana, ko mun so ko mun ƙi, wani ne zai ɗauki jitar, da hauyar, da keken. Mai hikima yakan koyi buɗe hannu tun yana da ikon zaɓen wanda zai miƙa wa.

Yau da dare, bayan an ci tuwo, ka karanta wa iyalinka takardan nan. Sa'an nan ku tambayi juna: Wane abu ne a gidan nan ya yi shekara ba a taɓa shi ba? Don me muke riƙe da shi? Wa muka sani wanda zai yi aiki da shi gobe da safe?

Allah ya ba mu zuciya mai godiya da hannu mai sakewa. Amin.